Yadda ake canza bushin ƙafar gaba a tsohuwar motar MGB

Kamfanin MG ya ƙera MGB a garin Abingdon, kusa da Oxford a Ingila, daga 1962 zuwa 1980, kuma an fitar da sama da rabin miliyan, mafi yawansu aka kai Amurka. Ke nan wadda ta fi kowacce ƙuruciya a yau ta haura shekara arba'in. Ƙarfe yana jure wannan tsawon lokaci idan tsatsa ta ƙyale shi, amma roba ba ta jurewa. Tana bushewa, ta tsage, ko man inji ya zubo mata ta jiƙe ta yi laushi. Shi ya sa duk wanda ya sayi tsohuwar MGB, ba jimawa zai sami kansa kwance a ƙarƙashin hancinta yana duba bushin ƙafar gaba, wato zobban robar da ke mahaɗan ƙarafan da ke riƙe tayoyin gaba.

Aikin bai fi ƙarfin mai ɗan sanin sifana ba. Wurare biyu ne kawai ake ɓata shi: wajen sauke sifirin, inda ganganci ke iya karya hannu ko haƙarƙari, da wajen ɗaurin ƙarshe, inda gaggawa ke kashe sabon bushin tun ranar da aka saka shi. A kan waɗannan biyun zan fi tsayawa.

Ka fara sanin yadda ƙafar take

Tsarin ƙafar gaban MGB ya girmi motar kanta. An gaje shi daga MGA, asalinsa kuma yana komawa ga MG Y-type ta 1947, wadda Alec Issigonis, mutumin da daga baya ya zana Mini, ya yi aiki a kan ƙafarta. Saboda haka kada ka nemi boljoyin irin na motocin zamani a wurin, babu shi sai a kan tayarod.

A ƙasa akwai hannuwa biyu na ƙarfe, na gaba da na baya. Daga ciki suna juyawa a kan wani sandan ƙarfe da aka ɗaure a jikin kurosmemba, wato babban ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin hancin mota, da noti huɗu, kowane hannu da bushinsa ɗaya, wato biyu a kowane gefe, huɗu a mota. A tsakanin hannuwan akwai farantin da sifirin ke zama a kai. Daga waje hannuwan suna riƙe gindin kimfin, wato tsayayyen sandan da taya ke juyawa a kansa idan an murɗa sitiyari, da dogon bolti wanda ke ratsa wani bututun ƙarfe. A sama kuwa babu hannu na daban: shokazobar Armstrong mai hannu, wadda ke zaune a kan kurosmemba, hannuwanta biyu su ne ke riƙe kan kimfin, da bushin roba biyu masu tsini a kowane gefe. Sai sandan sitabilaiza, mai rage karkatar mota a kwana, da robobinsa, sai kuma robobin da ke tsakanin kurosmemba da jikin mota.

Kafin ka sayi komai, ka tabbatar bushin ne ke da laifi. Alamunsa sanannu ne: ƙara kamar ana buga ƙarfe idan an faɗa rami, mota tana yawo a kan hanya sai an riƙa gyara sitiyari, hanci yana karkata idan an taka birki, taya tana cinyewa ta gefe ɗaya. Amma kimfin da ya ci da berin da ya saki su ma suna ba da kusan irin waɗannan alamu. Ka ɗaga motar da jak a ƙarƙashin farantin sifirin, ka kama taya sama da ƙasa ka girgiza. Idan akwai motsi, ka sa wani ya taka birki ka sake girgizawa. Motsin ya ɓace, berin ne. Bai ɓace ba, kimfin ne ko boltin gindinsa. Bushin ciki kuma da doguwar sukundireba ko ƙarfen cire taya ake gwada shi: ka sa tsakanin hannu da kurosmemba ka ɗan banƙara, idan hannun ya yi tafiya ko ka ga robar ta fito waje ta yi leɓe, ta gama aiki.

Idan kimfin ne ya ci, sabon bushin roba ba zai warkar da shi ba. Bushin kimfin na ƙarfe ne, kuma bayan an danna shi sai an gyara cikinsa da rima, wato ƙarfen daidaita faɗin rami, ta musamman mai hawa biyu. Yawancin masu wannan mota ba sa wahalar da kansu, suna sayen wanda aka riga aka sabunta ne su mayar da tsohon.

Wane irin bushin za ka saya

Iri uku ne a kasuwa. Akwai roba zalla irin ta asali, wadda ta fi arha, amma masu MGB sun daɗe suna kukan cewa wadda ake yi yanzu ba ta kai ta da ƙarko ba. Akwai irin na MGB GT V8, motar da aka yi daga 1973 zuwa 1976 da injin Rover mai silinda takwas: roba ce da aka manne da bututun ƙarfe a cikinta, kuma tana shiga hannun MGB ta yau da kullum ba tare da an gyara komai ba. Sai na foliyuretan, wani irin filastik mai kama da roba, masu launin ja, shuɗi ko rawaya, waɗanda mai ba ya cin su.

A ganina motar da ake hawa a kan titi na V8 ya fi dacewa da ita a hannun ƙasa. Yana riƙe ƙafar da kyau, ba ya ƙara, kuma ba ya aika kowane tsakuwa zuwa tafin hannun direba. Foliyuretan yana da kyau ga mai son sitiyari mai kaifi, amma ka san aikinsa daban ne. Roba murɗewa take yi, foliyuretan kuwa juyawa yake a kan bututunsa, don haka yana buƙatar giris ɗinsa na silikon, in ya bushe kuma sai kuka. Inda ƙura ta yi yawa, bushewar na zuwa da wuri. A sandan sitabilaiza dai ba ni da ja da shi. Sai dai ka auna kaurin sandanka kafin ka yi oda, domin akwai na inci 9/16 da na 5/8, wasu ma an canza musu wanda ya fi haka kauri, wasu motocin tsakiyar shekarun 1970 kuma ba su zo da shi ba sam.

Tare da bushin ka sayi kayan gindin kimfin cikakku, wato bolti, bututu, washa da robobin hana ƙura, da sabon fin na sama, da sababbin fin masu tsaga na kulle noti. Kusan kullum sai an lalata tsofaffin wajen cirewa.

Kayan aiki kuma a kula: notin MGB na inci ne, zaren UNF. Sifanar milimita da aka saba da ita a motocin Japan da Peugeot za ta yi kamar ta shiga, kamar 13 a madadin rabin inci, amma a kan tsohon noti mai tsatsa sai ta cinye masa kusurwa. Ka nemi sifana da soket na inci. Sai jak mai taya, madogaran ƙarfe biyu masu ƙarfi, sifanar awon ɗauri, abin ɓalle tayarod, guduma, zarto, bais (mamatsin ƙarfe na kan teburin aiki), sarƙa ko igiyar ɗaure kaya mai kauri, bindigar giris da man sassauta tsatsa. Ka fesa wa kowane noti man nan tun kwana ɗaya ko biyu kafin aiki.

Ɗagawa da kwancewa

A kan daɓe mai ƙarfi kuma shimfiɗaɗɗe za ka yi aikin. Ka ja birkin hannu, ka sa giya, ka tare tayoyin baya. Ka sassauta notin taya tun motar tana ƙasa. Idan mai wilin waya ce, noti guda ne babba a tsakiya, kuma na gefen dama zarensa na hagu ne. Hanya mai sauƙi ta tunawa: a kowane gefe, samansa ake bugawa zuwa gaban mota don a kwance. Ka ɗaga ta tsakiyar kurosmemba, ka kafa madogarai a ƙarƙashin ƙarafan shasi da ke bayan ƙafar, ka sauke nauyin a kansu, ka girgiza motar ka ji ta zauna daram. MGB ba ta da shasi na daban, jikinta ne shasinta, don haka ka duba wurin da za ka kafa madogari bai ruɓe da tsatsa ba.

Gefe ɗaya za ka gama kafin ka taɓa ɗayan, saboda wanda ba a kwance ba shi ne zai nuna maka inda kowace washa take. Ka ɗauki hoto da waya tun kafin ka cire komai. Abu ɗaya da za ka kwance a gefe biyu tun farko shi ne mahaɗin sitabilaiza, in ba haka ba sandan zai riƙa ja maka hannun ƙasa.

Ka cire kalifar birki, wato abin da ke matse faifan birki, ba tare da ka buɗe tiyo ba, ka rataye ta da waya a jikin mota. Kada nauyinta ya rataya a kan tiyon. Sannan ka ɓalle kan tayarod daga hannun sitiyari, amma kada ka taɓa notin da ke kulle shi a kan zarensa.

Sifirin

Ko da taya tana lilo a sama, sifirin yana matse, kuma ƙarfin da ke cikinsa ya isa ya raunata mutum. Abin da ke riƙe shi shi ne hannun shokazoba da ya sauka a kan robar tsayawarsa. Da zarar ka zare fin na sama ba tare da ka tallafi ƙasa ba, babu sauran abin da zai tare shi.

Ka zura sarƙa ta cikin sifirin ka zagaye hannun ƙasa ko kurosmemba da ita, ka bar mata ɗan sako-sako, yadda ko ya kuɓuce ba zai yi tsalle ba. Ka sa jak a ƙarƙashin farantin sifirin, can wajen bakinsa na waje, a wurin da ba zai zame ba, kuma tsawon jak ɗin ya miƙe daga gefen mota zuwa ciki don ya iya bin hannun yayin da yake sauka. Ka ɗaga a hankali har ka ga hannun shokazoba ya rabu da robarsa. Yanzu nauyin sifirin ya koma kan jak.

Wannan dabarar tana aiki ne saboda nauyin inji yana danne motar. Idan an cire inji, jak zai ɗaga motar gaba ɗaya daga kan madogarai maimakon ya matse sifirin. A wannan hali sai da abin matse sifirin na musamman, kada ka gwada da jak.

Ka cire fin mai tsaga da notin fin na sama. A tsakiyar hannuwan shokazoba akwai bolti da ke haɗa su biyu. Ka sassauta shi, domin shi ne zai bar hannuwan su buɗe kan kimfin ya fita. Ka buga fin ɗin ya fita da ɗan sandan ƙarfe. Idan ya ƙi, yawanci ya manne ne da ƙarfen cikin bushin, kuma zarto ya fi guduma amfani a nan, domin duka mai yawa yana lalata berin shokazoba. Ka janyo kan kimfin waje, ka tallafe shi, yana da nauyi da faifan birki a jikinsa.

Sai ka koma gefe, ba gaban ramin taya ba, ka fara sauke jak kaɗan-kaɗan. Hannun ƙasa zai yi ta sauka, sifirin yana miƙewa, har ya saki gaba ɗaya. Sai ka ga yana motsi da hannu kafin ka kwance sarƙar. Ka ajiye shi ka yi masa alamar gefensa. Idan ka cire na ɗaya gefen daga baya, ka tsayar da su tare. In ɗaya ya fi ɗaya gajarta, canza su biyun za ka yi. Ka sani kuma sifirin ya bambanta tsakanin mai buɗaɗɗen sama da GT mai rufaffen sama, da kuma tsakanin masu bamban ƙarfe da masu bamban roba da aka fara a ƙarshen 1974, waɗanda aka ɗaga tsayinsu da kusan inci ɗaya da rabi saboda dokokin Amurka.

Hannun ƙasa da bushinsa

Yanzu ka kwance boltin gindin kimfin. Wannan shi ne boltin da ya fi ba da wahala a duk aikin, domin idan an yi shekaru ba a ba shi giris ba yana haɗewa da bututunsa su zama abu ɗaya. Idan ya ƙi fita, ka kwance notin farantin sifirin tukuna don hannuwan su sami sarari, sannan ka yanka boltin da zarto ta gefe biyu, tsakanin hannu da gindin kimfin.

Ka cire farantin, ka cire fin da noti da babbar washa a kowane bakin sandan ciki, ka zare hannuwan. Na gaba da na baya ba ɗaya ba ne, na gaba shi ne ke ɗauke da ramin mahaɗin sitabilaiza, don haka ka yi musu alama.

Ka duba ramin waje na kowane hannu da kyau. Boltin da ya manne da bututu yakan riƙa juyawa a cikin hannun maimakon bututun ya juya a cikin kimfin, sai ramin ya ci ya zama kamar ƙwai. Hannu irin wannan jefar da shi ake yi, ba shi da tsada, kuma in ka mayar da shi ƙarar da ka zo kashewa za ta dawo. Farantin sifirin ma a ƙwanƙwasa shi, ruwa da laka suna kwanciya a cikinsa ya ruɓe daga ciki. Sandan ciki kuwa a goge shi da sanfefa mai laushi har ya yi haske. In tsatsa ta ci shi ta yi ramuka, ko ya lanƙwashe, a canza shi.

Tsohon bushin da bais da soket biyu ake fitar da shi: babba a baya ya karɓa, ƙarami a gaba ya tura. Ka goge cikin ramin, ka kawar da duk wani kaifi a bakinsa. Sabon bushin roba da ruwan sabulu ake shigar da shi, ban da man inji, ban da giris, domin suna cin roba. Na V8 yana da tauri, sai an danna shi da bais a hankali, kuma a tsaya lokacin da robar ta fito daidai wa daida ta gefe biyu. Bututun ƙarfensa na ciki a shafa masa ɗan man hana mannewa inda zai hau sanda, don wanda zai cire shi nan gaba, amma kada ya taɓa robar. Na foliyuretan a shafe shi da giris ɗin da ya zo da shi.

Mayarwa

Ka zura hannuwan a kan sanda, ka sa washa da noti, ka ɗaura da yatsu kawai. Ka mayar da faranti, shi ma sako-sako. Ka shafe sabon bututu da giris ka sa a gindin kimfin, ka jera washa da robobin ƙura yadda ka gani a ɗaya gefen, ka zura bolti. Idan komai ya hau, ka ɗaure notin faranti.

Ka zaunar da sifirin a mazauninsa na ƙasa, samansa kuma ya shiga mazauninsa a kurosmemba. Ka mayar da sarƙa, ka sa jak, ka ɗaga a hankali kana duba cewa bai goce ba. Ka danna sababbin bushin masu tsini a kan kimfin, ɗaya ta kowane gefe, ka shigar da shi tsakanin hannuwan shokazoba. Zai yi matsi, ɗan ruwan sabulu yana taimakawa. Kan sabon fin yana da gefe ɗaya da aka shafe, wanda dole ya zauna a mazauninsa a jikin hannun kafin ka sa noti. Wannan notin ma kada ka ƙarasa shi yanzu.

Tun da ka zo nan, ka kama hannun shokazoba kafin ka haɗa shi ka motsa sama da ƙasa. Ya kamata ka ji tauri iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Idan akwai wurin da ya tafi fayau, ko mai yana tsiyaya ta gindin hannun, ta gaji. Kusoshi huɗu da ke riƙe ta a kurosmemba suna da halin sassautawa. Ana ɗaure su da sifanar awon ɗauri, fam-ƙafa 43 zuwa 45, kusan Nm 60.

Ka mayar da kalifa da tayarod, ka yi ɗaya gefen, sannan ka canza robobin sitabilaiza ka haɗa shi. Robobin kurosmemba aiki ne na wata rana, sai dai in ka ga sun narke.

Ɗaurin ƙarshe

Bushin roba ba ya juyawa a kan sandansa. Da ka ɗaure noti, cikinsa ya kafe, duk hawa da saukar ƙafa kuma robar ce ke murɗewa ta ɗauka. Inda ka ɗaure shi, nan ne wurin hutunsa. Idan ka ɗaure yayin da taya ke lilo, da ka sauke motar robar ta riga ta murɗe tana tsaye a wuri ɗaya, ta kwana a murɗe, ta wuni a murɗe, kowane rami kuma ya ƙara mata a kan wanda take ciki. Bushin da ya kamata ya yi shekaru sai ya yage cikin 'yan watanni, mai mota ya zagi kamfanin da ya yi shi. Har tsayin hancin motar yana iya fitowa ba daidai ba.

Saboda haka ka sa tayoyi, ka sauke motar, ka danna hancinta sau da yawa, ka tura ta gaba da baya don ƙafafun su zauna. MGB gajeriya ce, hannu ba ya kaiwa ga notin ciki idan tana ƙasa, don haka ka hau da tayoyin gaba kan gadar gyara ko katako mai kauri da faɗi, ko ka yi aikin a kan rami. In babu ko ɗaya, ka bar ta a kan madogarai ka ɗaga farantin sifirin da jak har jikin motar ya fara sauƙi a kan madogarin wannan gefen. Wannan ya yi kusa da tsayin tafiyarta.

A haka za ka ɗaure notin sandan ciki har washa ta zauna, notin fin na sama, boltin tsakiyar hannuwan shokazoba, boltin gindin kimfin da mahaɗan sitabilaiza. Noti mai tsaga a ka, idan tsagar ba ta yi daidai da rami ba, gaba ake ƙara shi kaɗan, ba a komar da shi baya. Kowanne a sa masa sabon fin a lanƙwasa. Foliyuretan bai damu da wannan ƙa'ida kamar roba ba tun da juyawa yake yi, amma bin ta ba ya rage komai.

Notin taya na wilin ƙarfe fam-ƙafa 60 zuwa 65 ne. Ka taka birki sau da yawa har feda ta yi tauri kafin motar ta motsa.

Sabon bushin yana mayar da hannuwa inda suke tun asali, don haka saitin tayoyin da aka yi a kan tsofaffin ya tashi. A MGB abin da ake saitawa shi ne shigar bakin tayoyin gaba ciki, inci 1/16 zuwa 3/32, kusan milimita 1.5 zuwa 2.4, kuma a raba gyaran daidai tsakanin tayarod na dama da na hagu don sitiyari ya tsaya a tsakiya. Ka faɗa wa mai alaimen wannan adadi da bakinka, domin ba lallai ne kwamfutarsa ta san motar ba.

Bayan tafiyar kilomita ɗari biyu ko uku, ka sake bin kowane noti da sifana. Kimfin da gindinsa kuma suna son giris duk mil 3,000, kusan kilomita 5,000. Ka ɗaga ta ƙarƙashin faranti lokacin da za ka ba su, don nauyi ya sauka daga kan kimfin giris ya zagaya, ka yi ta bugawa har ka ga sabo ya turo tsohon waje, sannan ka goge abin da ya fito don kada ya kai ga faifan birki.